Tsohon tarho mai maɓalli shida

Yau mutum yana sa salula cikin aljihu, ya tafi gona ko kasuwa, ana samunsa duk inda yake. A da ba haka ba ne. Tarho yana zaune wuri ɗaya, ɗaure da waya, wayar kuma ta bi bisa ginshiƙai ko ƙarƙashin ƙasa har gidan waya. Wannan hanya ita ake kira layi. Kowane layi yana da lambarsa, kuma zance ɗaya kaɗai yake ɗauka a lokaci guda.

A gida layi ɗaya ya isa. Amma babban biro yana bukatar uku ko huɗu ko biyar. Idan kowane layi sai da nasa tarho, tebur zai cika, kuma in ƙararrawa ta kaɗa, sakatare ba zai san wanda zai ɗauka ba. Saboda haka kamfanin Bell na ƙasar Amurka ya fito da tarho guda mai karɓar layuka da yawa. Masana'antarsa mai suna Western Electric ce take ƙera shi. Irin da ya fi yaɗuwa ana kiransa 1A2, ya fito a shekarar 1964. A wancan zamani kamfanin ba ya sayar da tarho, haya yake bayarwa. An rarraba kamfanin a 1984, sababbin na'urori kuma suka shigo, sai aka riƙa kwashe tsofaffin daga birori. Har yanzu akwai Amurkawa masu sayen su kwance, su kai gida, su ɗaura su da hannunsu.

Tarhon yana da nauyi. A gabansa akwai maɓalli shida a jere. Biyar farare ne garau kamar ƙwalba, kowane da ɗan ƙwan fitila a ƙarƙashinsa, kowane kuma na layi ɗaya ne. Na shida ja ne, yana can gefen hagu. Shi ne maɓallin jira.

Wanda ya sayi tarhon shi kaɗai, rabin kaya ya saya. Fitilun ba za su kama ba, jan maɓallin kuma ba zai yi aikinsa ba, sai da wani akwatin ƙarfe da ake kafawa jikin bango. Layukan da suka fito daga waje sai sun shiga akwatin nan tukuna, sannan su wuce ɗakuna. A ciki kowane layi yana da ɗan allonsa. A kan allon akwai ƙananan makunnai waɗanda mayen ƙarfe ke buɗewa da rufewa. Akwatin ne mai lura da halin kowane layi, shi ne kuma mai gaya wa dukan tarhon gidan abin da ke gudana.

Waya shida ga layi ɗaya

Tarhon gida na da, waya biyu sun ishe shi. Wannan kuwa kowane layinsa yana cin waya shida, wato tagwaye uku. Tagwayen farko su ke ɗaukar murya. Na biyu su ke kai wa akwati labari cewa an ɗaga kan tarho, an kuma danna maɓallin layi kaza; ma'aikata suna kiransu wayar A. Na uku su ke kawo wutar fitila, volt 10.

Layi biyar sau tagwaye uku, tagwaye 15 ke nan. A ƙara na ƙararrawa da na wasu ƴan ayyuka. Don haka igiyar da ke fita bayan tarhon ta kai kaurin yatsa: tagwaye 25 ne a ciki, waya 50 ta jan ƙarfe, kowace kaurinta kamar rabin milimita. A bakin igiyar akwai wani dogon kai mai haƙori 50. Gida mai tarho uku, waya 150 za a ɗaura, kuma in ɗaya ta ɓace hanya, aiki ya lalace.

Yaya ake gane waya ɗaya cikin 50? Da launi. An zaɓi launi goma, aka raba su gida biyu. Gidan farko: fari, ja, baƙi, rawaya, shunayya. Gida na biyu: shuɗi, ruwan lemu, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka. Kowaɗanne tagwaye suna ɗaukar launi ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Biyar sau biyar 25, babu tagwayen da suka yi kama da wasu. Layi na ɗaya yana samun fari da shuɗi don murya, fari da ruwan lemu don wayar A, fari da kore don fitila. Layi na biyu ya ɗauka daga fari da ruwan ƙasa. In fari ya ƙare, ja ya karɓa. Wanda ya hardace launukan nan goma ba ya bukatar takarda. Dabara ce mai kyau, ga ta da arha, har yau kuma ma'aikatan waya suna aiki da ita.

Ba a ƙulla wayoyin da hannu. Ana kafa wani dogon allon roba kusa da akwati, mai jeri 50 na ƙananan haƙoran ƙarfe. Ana ɗora waya bakin haƙori, a danna ta da wani ƙarfe na musamman. Haƙorin ya tsaga robar da ke jikinta, ya cije jan ƙarfen, ƙarfen dannawa kuma ya yanke saura. A nan igiyoyin dukan ɗakuna suke haɗuwa, jeri na ɗaya da jeri na ɗaya, na biyu da na biyu.

Aikin jan maɓalli

Gidan waya yana tura wuta volt 48 cikin kowane layi. Muddin kan tarho yana ajiye, wutar ba ta da hanyar wucewa. Da an ɗaga shi, hanya ta buɗe, wuta ta gudana, gidan waya ya san akwai mai magana. Da wutar ta tsaya, sai ya ce an gama, ya yanke zancen.

To, ga sakatare yana magana da wani a layi na ɗaya, sai layi na biyu ya kaɗa. In ya bar na ɗaya haka kawai, wuta ta tsaya, mutumin ya ɓace. Wataƙila daga nesa ya kira, wataƙila da labarin mara lafiya ya zo. Ana bukatar abin da zai tsaya a madadin sakatare, kamar yadda mace take barin tulunta a layin famfo don ya riƙe mata wuri. Tulun akwati wani ɗan ƙarfe ne mai barin wuta ta wuce kaɗan kaɗan. In akwati ya gitta shi kan layin, wuta tana ci gaba da gudana, gidan waya yana tsammanin har yanzu mutum yana nan.

Amma yaya akwati yake bambanta wanda ya gama magana da wanda ya ce a jira shi? Yana duban wayar da ta riga yankewa. In an ajiye kan tarho, hanyar murya ce take fara yankewa, wayar A ta biyo baya. Akwati ya saki layin. In an danna jan maɓalli, wayar A ce take yankewa alhali wuta tana gudana a hanyar murya. Nan take akwati ya gitta ƙarfensa. Sai an ɗauke yatsa sannan farin maɓallin ya yi tsalle ya fito. Tsakanin yankewar nan biyu bai kai ƙiftawar ido ba.

Wannan ne ke rikita masu ɗaura shi a gida. Mutum ya jona tarho na waya biyu, marar wayar A, a bayan akwati. Da an ɗaga shi, akwati ya ga wuta tana gudana ba labari daga wayar A, sai ya ɗauka jira aka ce, ya riƙe layin. Irin wannan tarho wurinsa gaban akwati ne, wajen da layi ya shigo.

Fitilu suna da harshensu. Fitila a kunne ba motsi, wani yana magana. Tana kamawa tana mutuwa sau 60 a minti, ana kira. Tana ƙifce da sauri sau 120 a minti, akwai mai jira. A tsofaffin akwatuna wani ɗan inji ne yake juya faifai masu tudu da kwari, su ke taɓa makunnai. Wanda ya kasa kunne zai ji shi yana ƙas ƙas cikin akwati.

Wuta kuwa ba abin wasa ba ce. Wadda ke kaɗa ƙararrawa ta kai volt 90, tana fizgar hannu, tana kuma ƙone ƙwan fitila in ta ɓace ta shiga wayarsa. Sai an cire akwati daga lantarki, an kuma raba layin waje, sannan a taɓa allon haƙora. Akwatin an yi shi don lantarkin Amurka mai volt 120. Na Nijar 220 ne, zai ƙone shi.

A gidaje da yawa na Amurka tsohon layin jan ƙarfe ya kau. Masu wannan tarho suna sa wata ƴar na'ura da ke karɓar kira ta intanet, ta fitar da shi ta waya biyu kamar layin da. Sai dai ba kowace ce take gane lambar da aka buga da faifan juyawa ba. Wasu kuma suna ware maɓalli ɗaya don zancen cikin gida, daga ɗaki zuwa ɗaki.

In an gama ɗauri, ana gwada layi ɗaya ɗaya. A kira lambar da salula, a duba ko fitila tana kamawa tana mutuwa a kowane ɗaki. A ɗauka, ta tsaya cak. A danna jan maɓalli, a ajiye kai, a tafi ɗaki na biyu, a danna maɓallin da ke ƙifce. In muryar tana nan, layin ya yi daidai. In ta ɓace, sai a koma allon haƙora, a fara bincike daga fari da ruwan lemu.