Ginshiƙai Goma Sha Biyu a Bayan Shafin Intanet



Duk mai yawan leƙa intanet zai lura shafuka da dama kamar an tsaga kara: ƙaton hoto a sama, akwatuna uku a jere a ƙarƙashinsa, adireshi can ƙasa. Na jami'a haka, na otal haka, na mai sayar da takalma ma haka. Ba haɗa baki suka yi ba. Akwai wata raga da ido ba ya gani, wadda ta yanka allo gida goma sha biyu a tsaye, a kanta ake jera komai.

Masu ɗab'i ne suka fara wannan dabara. Josef Müller-Brockmann, ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da shahararren littafinsa a kanta a 1981. A intanet kuwa, Nathan Smith ya fito da 960 Grid System a 2008. Me ya sa 960? Allon kwamfuta da yawa a lokacin faɗinsa fiksel 1024 ne, ga shi 960 tana rabuwa gida goma sha biyu ba ragowa: kowane ginshiƙi fiksel 60, da tazarar 20 tsakaninsa da maƙwabcinsa. Sai a 2011 Mark Otto da Jacob Thornton, ma'aikatan Twitter a lokacin, suka saki Bootstrap, kayan aikin gina shafi mai tattare da raga, kyauta, ta bazu ko'ina.

Amfanin raga ba ya ɓuya. Yadda magini ke ɗaura igiya kafin ya aza bulo, haka raga ke hana rubutu da hoto karkacewa. Ɗan koyo zai iya tsayar da shafi mai kyan gani a yini guda, kuma in aiki ya koma hannun wani, ba sai an zaunar da shi an yi masa dogon bayani ba. Babbar fa'idar tana kan waya: akwatunan nan uku, da allo ya tsuke, sai su hau kan juna da kansu, mai karatu ya yi ta ja da yatsa.

To amma fa akwai nauyi. Fayil ɗin ado na Bootstrap kaɗai ya haura kilobait 100, kuma sau da yawa ɗan kaɗan shafi ke amfani da shi. Sauran duk sai wayar mai karatu ta sauke, a cikin datar da ya saya da guminsa, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, tunda yawancinmu da waya muke shiga intanet.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda raga ke juya tunanin mai zane. Goma sha biyu tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu da shida, amma ba ta rabuwa gida biyar. Sai ka ga makaranta mai sassa biyar an cusa mata akwati na shida da zancen cikon benci, don kawai layi ya cika. Masu rubutun ajami da Larabci su ma sun daɗe suna 'yan dabaru, domin sai a Bootstrap 5, a 2021, aka shigar da tsarin rubutu daga dama zuwa hagu a hukumance.

Tun watan Maris na 2017 Firefox da Chrome da Safari suka zo da tasu ragar, CSS Grid, ba sai an sauke komai ba. Kana son ginshiƙi biyar? Layi biyu na umarni sun isa. Don haka shawarata ga matasanmu masu koyon wannan sana'a, ku fara ƙwarewa a kan CSS Grid tukuna. In aikin gaggawa ya taso, ko kuna da yawa a kan aiki ɗaya, ku ɗauko Bootstrap, ku zubar da abin da ba ku buƙata, sannan ku gwada shafin a ƙaramar waya mai araha kafin ku miƙa wa mai shi.