Wasan Mota Da Darasin Sitiyari: Matasan Funtuwa Da Malumfashi Na Buƙatar Fili

Da zarar damina ta ɗauke aka shiga kaka, titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Bakori zuwa Malumfashi ba ya samun hutu. Kanta da tirela da ƙananan motoci ƙirar Golf kan wuni suna kaiwa da komowa ɗauke da masara da dawa da waken suya da auduga, wasu sun nufi kasuwar hatsi ta Dandume, wasu Zariya, wasu Katsina ko Kano. A wannan lokacin ne kuma kuɗi ke shiga hannun manomi, a ɗaura auren da aka jima ana ɗagawa. Inda ake biki kuwa, da wuya a rasa samarin da za su karɓo aron mota, su taka totur, su ja birkin hannu, mota ta yi ta juyi kamar mazari cikin ƙura, yara na gefe suna ihu. Wannan shi ake kira wasan mota, kuma garuruwan Arewa da yawa sun sha kuka da shi.

Direban da ya jibga wa motarsa buhuna fiye da kima da saurayin da ke wasan mota sun yi tarayya a abu guda. Babu ɗayansu da aka taɓa nuna wa inda riƙon taya yake ƙarewa, a wurin da kuskure ba ya cin rai. Ranar da kowannensu zai san wannan iyaka ita ce ranar da zai ƙetare ta, a kan titin jama'a, da fasinjoji a bayansa ko 'yan kallo a gabansa.

Yadda muke koyon tuƙi

Akasarin direbobin haya a wannan yanki daga yaran mota suka taso. Yaro kan fara da wankin mota da ɗaurin kaya da sa weji, daga nan ya riƙa gyara tsayuwar mota a tasha, har wata rana maigidansa ya miƙa masa sitiyari a wani miƙaƙƙen wuri. Tarbiyya ce mai daraja, domin tana koyar da haƙuri da sanin hanya da gane ciwon inji ta hanyar sautinsa. Sai dai akwai darasin da maigida ba zai iya bayarwa ba ko da yana so. Me za a yi idan tayar gaba ta fashe ana tsakiyar gudu? Ina za a karkata sitiyari idan bayan mota ya zame a kan tsakuwa? Babu mai motar da zai sadaukar da jarinsa domin yaro ya gwada ya gani.

Lissafin kuwa ba ya sassauta wa kowa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai ta kan birki ya riga ya wuce tsawon tirela. Idan kuma aka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa take yi sau huɗu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe mutane kimanin miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kisan masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta yi ƙoƙari: ta shardanta takardar makarantar tuƙi kafin samun lasisi, ta kuma tilasta wa motocin haya na'urar taƙaita gudu a 2017. Amma doka tana faɗa wa direba abin da ba zai yi ba ne kurum, hannunsa da ƙafarsa kuwa sai da maimaici suke koyo.

Sitiyarin da ke mayar da magana

A nan ne wata na'ura da mutane da yawa ke ɗauka abin wasan yara ta cancanci a dube ta da idon basira. Na'urar kwaikwayon tuƙi kujera ce da sitiyari da matakai uku, na totur da birki da kuloci, an haɗa su da kwamfuta ko PlayStation da allon talabijin. Abin da ya bambanta ta da wasannin mota na cikin waya shi ne, a cikin sitiyarin akwai injin lantarki mai tura hannun matuƙi daidai da abin da tayoyi ke fuskanta. Idan aka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, tayoyin gaba suka fara sakin titi, sai sitiyarin ya yi sakayau a hannu. Idan bayan mota ne ya zame, sai a ji yana fizgar hannu zuwa ɓangaren da ya kamata a juya. Wannan shi ne yaren da mota ke magana da direbanta da shi, wanda da yawan direbobinmu ba su taɓa jin sa ba sai a daƙiƙar ƙarshe.

Sitiyarin ya kasu daraja-daraja. Logitech G29, wanda ya fito a 2015 kuma har yanzu da shi masu koyo da yawa ke farawa, yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, kusan yadda na ƙaramar mota yake. Kamfanoni irin su Thrustmaster da Fanatec suna ƙera waɗanda suka fi shi, har da wanda aka dasa sitiyarin kai tsaye a kan injin, ba haƙoran giya ba bel a tsakani, don kada wani motsi ya ɓace a hanya. Akwai kuma matakin birki mai auna ƙarfin takawa maimakon nisan da ƙafa ta nutsa, wanda shi ya fi kama da birkin gaske.

Babban amfanin ga manomi da direban lodi yana wajen saitin mota. A manhajoji irin su Assetto Corsa na ƙasar Italiya, mai tuƙi kan iya sauya iskar taya, ya ɗaga mota ko ya sauke ta, ya karkata ƙarfin birki zuwa gaba ko baya, sa'an nan ya koma kwanar da ya bari ya ji bambanci da hannunsa. Wanda ya yi haka sau ashirin ba ya buƙatar dogon wa'azi kafin ya gane dalilin da ya sa Golf ɗin da aka danne bayanta da buhunan masara take ƙin bin sitiyari: nauyi ya koma baya, tayoyin gaba sun rasa abin da zai manna su da ƙasa. Zai gane abin da ya sa kayan da aka tula a kan rufi ke kifar da mota a kwana, da abin da ya sa tayar da iskarta ta yi ƙasa take ɗaukar zafi har ta fashe, ya daina ƙyashin tsayawa wurin mai faci. Mai sha'awar babbar mota ma yana da nasa, domin Euro Truck Simulator 2 na 2012 yana koyar da yadda bayan tirela ke yanke kwana da yadda ake komawa da ita da baya.

Koyo ta wannan hanya ba baƙon abu ba ne, ko a maƙwabtanmu. Tun 1929 Ba'amurken nan Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgin sama, aka horar da dubban matuƙa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da ɗalibanta da irin waɗannan na'urori, ga ta nan tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga Funtuwa. A fagen mota kuwa, kamfanonin Nissan da Sony sun buɗe gasar GT Academy a 2008 domin zaƙulo gwanayen wasan Gran Turismo. Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya da ya lashe ta a 2011, ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2013. Idan har wanda za a damƙa wa jirgi yana fara faɗuwa a cikin ɗaki, me zai hana wanda za a damƙa wa fasinja goma sha takwas?

Inda gizo ke saƙar

Kada dai mai karatu ya ɗauka an samo maganin kowace cuta. A cikin na'ura, wanda ya yi karo danna maɓalli yake yi ya sake sabon lale, ba jini ba asibiti, kuma wanda ya saba da haka yana iya raina gudu. Titunan cikinta ba su da ramuka, ba garken shanu, ba ɗan acaɓa mai fitowa daga lungu, ba kuma fargabar 'yan bindiga da ke sa direbobin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ƙin ɗaga ƙafa. Ga tsada, ga matsalar wutar lantarki. Akwai ma darasi mai ɗaci daga ƙasar Norway, inda tun 1979 aka tilasta wa sababbin direbobi horon tuƙi a kan santsi. Binciken da aka fitar a 1988 ya nuna haɗarin samari maza a kan hanya mai santsi ƙaruwa ya yi, saboda sun fito daga horon suna jin sun zama gwanaye.

Wannan ya nuna cewa niyyar horon ita ce komai. Idan an zaunar da yaro domin ya nuna bajinta, an ƙara wa wuta fetur. Idan kuwa an zaunar da shi, da malami a gefe, domin ya ga sau nawa cikin goma yake kasa ceto motar da ta zame, zai tashi da sanin cewa dabara mafi girma ita ce rage gudu tun kafin kwana. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

A ba su fili

Daga ɗaki sai fili, kuma a nan ma akwai abin koyi. A Amurka ana wani wasa da suke kira otokuros, wanda ƙungiyar SCCA ta shahara da shiryawa. Ana samun fili mai faɗi, kamar wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgi, a jera turakun roba masu siffar mazurari su zama hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, da agogo take takara, zagayen kuma bai fi minti ɗaya ko kusa da haka ba. Duk turken da aka ture, a ƙara wa mutum daƙiƙa biyu. Ana duba taya da birki kafin a shiga, dole a sa hular kwano a ɗaura bel, 'yan kallo na can nesa, kuma da motar zuwa aiki mafi yawansu ke zuwa. An tsara hanyar yadda gudu ba zai wuce na babban titi ba. Mai garaje da mai tayar da ƙura a baya suke ƙarewa, mai natsuwa da laushin hannu ke cinyewa.

Katsinawa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan hikima. Kakanninmu sun san jinin samartaka na son gudu, amma ba su bar mahaya suna sukuwa a tsakiyar kasuwa ba. Sun ware fili, sun sa lokacin kilisa, sun ɗora manya a kai. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan ƙwallon doki, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa har ƙasashen waje. Dokin wannan zamani yana da taya huɗu, amma har yau ba mu ware masa filinsa ba. Kame da tara suna da muhallinsu, kuma duk wanda ya yi wasan mota a cikin unguwa ya cancanci hukunci. Amma hani kaɗai kan kori wasan ne daga wannan layi zuwa wancan.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Rassan ƙungiyar direbobi ta NURTW a Funtuwa da Malumfashi za su iya ajiye na'ura ɗaya a ofishin tasha, da farantin sola, kowane yaron mota ya yi awoyi a kanta kafin a ba shi makulli. Makarantun koyon tuƙi da masu gidajen gem, waɗanda sun riga sun mallaki PlayStation da allo da janareto, sitiyari kawai ya rage musu. Ƙananan hukumomi su samar da fili a bayan gari, jami'an kiyaye haɗurra da na KASSAROTA su tsaya a kan binciken mota da lasisi, kada a bar wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga. Sarkin Maska a Funtuwa da Galadiman Katsina a Malumfashi kuwa, idan suka sa albarka suka sa kofi, maganarsu za ta isa inda takardar tara ba ta isa. Dillalan hatsi da masu motocin lodi, waɗanda su ke tafka asara duk ranar da Kanta ta kife, su ne suka fi cancantar ɗaukar nauyi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da yau yake jan birkin hannu a ƙofar gidan biki, shi ne gobe zai ɗauko iyayenmu daga kasuwa, ya kai matanmu asibiti cikin dare. Gara ya ture turken roba sau ɗari a gaban malami, da ya koyi darasin sau ɗaya a kwanar da ke kan hanyar Bakori. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.