Bindigar toka da allon tallar taba: me ya sa ake adana su?

A Birnin Gwari, inda aka keɓe dajin Kamuku tun 1936 kafin a mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, tsofaffin gidajen maharba ba sa rasa bindigar toka rataye a bango, tare da ƙahon albarushi da layu a jikin ƙotarta. Ta baki ake ɗura ta, a danna da sandar ƙarfe, a harba sau ɗaya. Maƙera ne ke ƙera ta, kuma har yau ita 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan sallah.

Masu tara kayan tarihi kan haɗa ta da kayan tallar taba: allunan ƙarfe masu fenti, gwangwanayen sigari da kalandu na kamfanin taba na NTC, wanda ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959. Dokar 2015 ta hana tallar taba a Najeriya, don haka abin da ya rage ya zama shaidar yadda aka kwaɗaita wa mutane abin da ke lalata huhu.

Sai dai akwai ƙa'ida. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukumomi ikon wajabta lasisi ko ga bindigar toka, kuma a yankin da ya sha wahalar 'yan fashin daji, wannan ba abin wasa ba ne. Fitar da kayan tarihi waje kuwa sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Wanda ya gaji irin wannan kaya, gara ya kai Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Kaduna.