Ko Kun Sani?

A Dakoro, mai son kokawa ba ya jiran ranar gasar takobin ƙasa kafin ya fara bin gwaninsa. Da zarar an kai amfanin gona rumbu, sai a soma tankaɗe da rairaya daga ƙananan hukumomi zuwa gunduma, har a fitar da 'yan kokawa 10 da za su wakilci jihar Maraɗi. Jihohi 8 ke haɗuwa, zakaru 80 ke nan, kuma faɗuwa ɗaya ta raba mutum da takobin shekarar, komai ƙaurin sunansa. An fara gasar a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi Yakuba Kantu ne ya ɗauki takobin farko. Shi ya sa filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa.