Mura, Bitamin D da Cutar Asma a Jikin Yara

Asma, wadda mutane da yawa suka fi sani da fuka, cuta ce da ke sa hanyoyin iska na cikin huhu su kumbura, su ƙuntata, su cika da majina, har yaro ya riƙa jan numfashi da ƙyar, ƙirjinsa yana kuka kamar usur, musamman cikin dare ko da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da ita a shekarar 2019, kuma babu wata cuta mai daɗewa da ta kai ta yawa a tsakanin yara.

Abin da ya fi tayar da ita a jikin yaro shi ne mura. Wani bincike da aka yi a kudancin Ingila, aka wallafa a 1995, ya nuna cewa a tsakanin yara 'yan shekara 9 zuwa 11, kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na tashin ciwon yana zuwa ne tare da kamuwa da bairos, wato ƙananan ƙwayoyin cuta waɗanda ba sa iya hayayyafa sai sun kutsa cikin ƙwayoyin halittar jiki, kuma mafi yawansu rainobairos ne, mai haddasa murar yau da kullum. Idan bairos ya shiga, fatar da ta lulluɓe hanyoyin iska kan fitar da wani sinadari mai suna intaferon domin ta hana shi yaɗuwa, amma an lura cewa a jikin wasu masu asma wannan martani yakan zo da rauni, sai bairos ya samu wurin zama, ɓangaren garkuwar jiki mai jawo kumburi kuma ya wuce gona da iri. Shi ya sa asibitocin Kanada da Ingila kan ga yara masu asma sun ƙaru a watan Satumba, lokacin da ake komawa makaranta ana shafa wa juna mura. Iyaye a ƙasar Hausa sun san makamancin haka da hunturu, inda ƙura da sanyi ke haɗuwa da mura.

Shi kuwa bitamin D, fata ce ke haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta, hanta da ƙoda su sarrafa shi ya zama mai aiki, ana kuma samun sa a kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai. Ban da ƙarfafa ƙashi, yana sa ƙwayoyin garkuwa su fitar da katelisidin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka wa ƙwayoyin da ke lafar da kumburi. Yawan rana a ƙasa ba ya tabbatar da wadatarsa a jiki, domin a Kosta Rika, ƙasa mai rana, an samu kashi 28 cikin 100 na yara 616 masu asma da ƙarancinsa a 2009.

Wannan aiki nasa a garkuwar jiki ya sa masana suka sa rai ƙwarai cewa bitamin D zai kare yara daga asma, sai dai gwaji bai cika musu burinsu ba. A Amurka an bai wa mata masu ciki bitamin D mai yawa, aka ga alamar raguwar sarƙewar numfashi a 'ya'yansu zuwa shekara 3, amma da suka kai shekara 6 bambancin ya ɓace. A 2020 wani gwaji a kan yara 192 masu asma da ƙarancin bitamin ɗin ya nuna cewa ba su shi kullum bai jinkirta tashin ciwon ba. Mai yiwuwa ciwon ne ke tsare yaro a ɗaki ya rasa rana, har ƙarancin ya zama sakamakon cutar maimakon sanadinta.

Yaron da gwajin jini ya nuna yana da ƙarancin bitamin D ya cancanci a ba shi, ko don lafiyar ƙashinsa, amma kuskure ne babba a ɗauke shi madadin maganin shaƙa mai rage kumburi wanda likita ya rubuta. Ya kamata iyaye su lizimci wannan magani kullum, su nisanta yaro daga hayaƙin itace da na taba, kuma idan mura ta kama shi suka ga haƙarƙarinsa na lotsawa wajen jan numfashi, ko ya kasa ƙarasa magana, su garzaya da shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.