Ko Kun Sani?

A watan Janairun 2021, kamfanin gwanjo na Artcurial da ke Paris ya sallama zanen hannu ɗaya tak a kan kusan Yuro miliyan 3.2, alhali takardar duk alamun ninki ne. Hergé, ɗan ƙasar Beljiyam da ya ƙirƙiro labaran Tintin, ya zana shi a 1936 domin bangon littafi, amma maɗaba'a ta ajiye shi saboda tsadar buga launukansa. Masu saye suna zuba kuɗi ne a kan takardar da hannun mai zane ya taɓa. Wadda inji ya buga ba ta kai nan ba. Masu zana bangon littattafan Hausa a Kano da Zariya, don Allah ku adana zanenku na asali.