Idan Kayan Soja Suka Ɓata a Hanya, Wa Zai Biya?

Soja ba ya daɗewa wuri guda. Yau yana Damagaram, gobe a tura shi Agadas, ko Difa, ko Yamai. In zai tashi, sai ya kwashe iyali da kayan ɗaki. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. A tafiya irin wannan akwati kan faɗi, ruwa kan jiƙa katifa, kwanukan uwargida kan lotse. To, wa zai biya?

Abin da doka ta ce

Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA. A shekarar 2003 ƙungiyar ta yi doka a kan ɗaukar kaya a mota, ta soma aiki ran 1 ga Janairu 2004. Dokar ta shafi motar haya, wadda aka biya kuɗinta. Ta ce kaya amana ne a hannun mai mota, tun daga lodi har ranar da ya miƙa su. In sun ɓata ko sun lalace, shi zai biya. Ba ya iya cewa laifin taya ne ko na birki.

Amma in mai kaya ne ya yi ɗaurin banza, abu ya fashe saboda haka, mai mota ya fita. In kuwa kamfani ne ya ɗauki aikin tashin gida duka, ya ɗaure kayan da kansa, wannan doka ba ta hau kansa ba. Nan sai a bi yarjejeniyarsu da dokar ƙasa.

Nawa ake biya?

Diyya tana da iyaka: jika 5 a kan kowane kilo. Keken ɗinki mai kilo 20, diyyarsa ba ta wuce jika 100. Talabijin mai kilo 8, jika 40 ke nan, ko an saye shi da tsada. Maganin wannan shi ne a rubuta kuɗin abin a takardar lodi tun kafin mota ta tashi. In an yi haka, diyya tana iya kai kuɗin da aka rubuta.

Kwanakin da za a kiyaye

Ɓarnar da ido ke gani, a sanar da mai mota a rubuce, kada a wuce ranar aiki ta farko bayan an sauke kaya. Ɓarnar da ke cikin akwati, kwana 7 ne, ban da Lahadi da ranakun hutu. Kayan da ba su iso ba, in ba a yanka rana ba, bayan kwana 60 ana ƙirga su cikin ɓatattu. Kai ƙara gaban mai shari'a kuwa, shekara 1 ce.

Shawara

Kafin lodi, a ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, a rubuta. Mai kaya da mai mota su sa hannu, kowa ya riƙe tasa takarda. Kuɗi da zinariya da takardun aiki su zauna a jikin mai su. Sau da yawa maigida yana bakin aiki, uwargida ce ke karɓar kaya. Ta buɗe, ta duba, kafin ta sa hannu. Wanda bai iya karatu ba tukuna ya nemi wanda ya iya. Magana ta baki iska ce, takarda ita ce shaida.